ZANCEN GIDA: Wanda Ya Riga Ka Shan Magani

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani abu da ke cikin gidajenmu da yawa, amma ba safai a ke faɗinsa a fili ba. Watau zancen mutumin da ciwo ya daɗe a jikinsa, likita ya ɗora shi a kan magani na watanni ko na dukan kwanakin ransa, sa'an nan maganin kansa ya zo da tasa wahalar.

Duk wanda ya saba zuwa gaida marasa lafiya ya san abin da mu ke nufi. A kan tarar da ƙwayoyi a ƙarƙashin katifa ko a cikin tsohon gwangwanin madara, an sha na mako biyu an bar sauran. In ka nemi dalili, ba kullum ba ne a kan ce kuɗi. Wani ya kan ce tun da ya fara sha fitsarinsa ya koma ja, ya ɗauka jini ne. Wata ta ce ƙafafunta sun kumbura, maƙwabta suka ce ƙoda ce ta lalace. Wani kuwa ba zai ce kome ba, sai ya sunkuyar da kai, gama abin da maganin ya yi masa ba na faɗa a gaban mata da yara ba ne. Dukansu abu ɗaya ne ya same su. Jiki ya nuna wata baƙuwar alama, tsoro ya kama su, ba kuwa wani kusa da zai ce musu, "Ni ma ya yi mini haka."

Ba mu ga laifin likita ba. Mutane da yawa suna jiransa a bakin ƙofa, minti kaɗan gare shi domin kowa. Ko da ya yi bayani, mai ciwo ya kan fito da rabin maganar kawai, gama a ranar da a ke gaya wa mutum sunan ciwonsa kunnensa ba ya riƙe abu da yawa. Tambayoyin su kan taso ne daga baya, da tsakar dare, sa'ad da asibiti ya ke nesa. A wannan lokaci wanda ya fi amfani shi ne ɗan'uwan da ya riga ya bi hanyar. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Abin da masu cutar kuturta suka koya mana

Ekklesiyar ƙasashenmu ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari. Da yawa cikin kakanninmu sun fara jin bishara a wuraren jinyar kuturta, kamar Garkida, da Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, da Danja kusa da Maradi. A ƙasar Nijeriya kuma aka yi wani babban sashi na aikin gwada magungunan wannan cuta. A Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson kaɗan-kaɗan ta yi aiki. A can ne kuma Dokta Stanley Browne, wanda ya yi aikin mishan a Kwango, ya gwada wani sabon magani mai suna kilofazimin a farkon shekarun 1960.

A zamanin dafson kaɗai, mutum ya kan sha ƙwaya shekara da shekaru, wani har ƙarshen ransa. Da yawa suka gaji, su sha yau su bari gobe, har ƙwayar cutar ta fara gagarar maganin. Domin haka a 1981 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawara a haɗa magunguna uku, watau dafson da rifamfisin da kilofazimin. Tun 1995 ana ba da su kyauta a ko'ina cikin duniya. Mai tabo kaɗan ya kan sha na wata 6, mai tabo da yawa na wata 12, ya warke sarai. Da zarar ya fara sha kuma, ya daina ba wani cutar.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Kilofazimin ya kan sa fata ta yi duhu, ta bushe, ta yi kamar ɓamɓaroki, musamman a ƙwauri da hannu. Ku yi tunanin budurwar da ta ɓoye ciwonta ga kowa sai uwarta, ga shi bayan 'yan watanni fuskarta ta sake, 'yan'uwanta a zumunta suna tambaya me ya same ta. Ciwon bai tona mata asiri ba, maganin ne ya ke so ya tona. Abin da zuciya za ta gaya mata shi ne ta riƙa cire wannan ƙwaya tana yarwa. Ma'aikacin lafiya zai gaya mata duhun zai wuce, gaskiya kuwa ya faɗa. Amma maganarsa ba ta kai nauyin ta matar da za ta naɗe hannun riga ta ce, "Duba, ƙanwata, nawa ya fi naki baƙi. Na gama sha, a hankali cikin watanni fatata ta komo. Shafa man kaɗanya safe da yamma, kada ki fasa ko ƙwaya ɗaya." Gani ya kori ji.

Akwai kuma waɗanda cutar ta riga ta kashe musu jijiyoyin hannu ko na ƙafa kafin su sami magani. Sun warke daga kuturta, amma rashin jin zafi ya zauna musu har abada. Ƙaya ta soke su ba su sani ba, tukunya ta ƙone su ba su ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. A 1995 a ƙasar Habasha, ma'aikatan cibiyar ALERT ta Addis Ababa suka fara tara irin waɗannan mutane ƙungiya-ƙungiya a ƙauyukansu domin su lura da juna. Aikin ba mai wuya ba ne. Su zauna tare, kowa ya jiƙa ƙafarsa cikin ruwa, ya goge kaushi, ya shafa mai. Sa'an nan kowa ya duba tafin ƙafar ɗan'uwansa da takalminsa. In an ga rauni, sai a tambaya yadda aka yi, a yi shawara wa zai ɗauke masa zuwa rafi ko gona har ya warke. Wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa, har da Nijeriya. Asirinta ɗaya ne. Faɗan da mutum ba zai karɓa daga mai lafiya ba, ya kan karɓe shi daga wanda ƙafarsa irin tasa ce.

Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki su ma sun bi wannan sawu. A lardin Tete na ƙasar Mozambik, a 2008, likitocin ƙungiyar MSF tare da hukumomin lafiya suka shirya su rukuni-rukuni, kowane bai wuce mutum 6 ba. Kowane wata mutum ɗaya ya kan tafi asibiti ya karɓo na kowa, wata mai zuwa wani ya tafi. Kafin tafiya su kan zauna su ƙirga ƙwayoyin juna, su ji wanda ke da damuwa domin a kai wa ma'aikatan lafiya labari. Kuɗin mota ya ragu, kaɗaici ya ragu.

Alama iri biyu

Babban ilimin da tsohon mai shan magani zai ba sabo shi ne rarrabe alamu. Akwai alamar da ke ba da tsoro amma ba ta da haɗari. Akwai kuma wadda ba a kwana da ita a gida. Bari mu ɗauki tarin fuka, wanda a ke kira tibi, ya zama misali. Maganinsa na wata 6 ne, iri huɗu a wata biyu na fari, iri biyu a sauran wata huɗu, kyauta kuwa a ke ba da shi a asibitocin da aka keɓe domin haka. A ciki akwai rifamfisin ɗin nan, wanda ke rina fitsari ya yi ja-ja kamar ruwan goro, har da gumi da hawaye. Ba jini ba ne, launin maganin ne ke fita. Wani cikinsu kuma, isoniyazid, ya kan sa tafin ƙafa ya yi zugi ko ya yi kamar ana tsira allura. Wannan ba dalilin dainawa ba ne, a gaya wa ma'aikacin lafiya, akwai ƙwayar bitamin B6 da a ke bayarwa dominsa. Matan aure kuma su sani rifamfisin ya kan rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali, sai a nemi shawara tun da wuri.

Amma in farin ido ya koma rawaya kamar na mai shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, wannan magana dabam ce. Haka nan, ko wane irin magani mutum ke sha, in ƙuraje sun feso masa tare da zazzaɓi, ko baki ya yi miki, ko fata ta fara saluɓewa, ko leɓe da harshe suka kumbura numfashi ya yi wuya, ko hankali ya rikice, a kai shi asibiti a ranar, da sauran maganin a hannu, kafin ya sha na gaba. Dafson ma ya kan yi wa wasu mutane ƙalilan haka a makonnin farko. Aboki na gari a nan shi ne wanda zai nemo abin hawa, ba wanda zai ce a ƙara haƙuri ba.

Jarabar mai tarin fuka ta kan zo ne wajen wata na biyu. Tari ya lafa, jiki ya fara murmurewa, ƙwayoyin kuwa manya ne, suna tayar da zuciya. Sai ya ce ya warke. Alhali cutar tana nan a kwance, in ta tashi kuma tana iya gagarar maganin farko, a koma ga wasu masu wuya, yaran gida kuma suna shaƙar iskar ɗaki ɗaya da shi. Shi ya sa asibitoci su kan nemi kowane mai tarin fuka ya sami mataimaki wanda zai ga yana sha kullum. Wanda ya taɓa gama nasa wata 6 ya fi kowa dacewa da wannan aiki.

Abin da kunya ke hana faɗi

Hawan jini ya fi waɗannan duka yawa a gidajenmu, kuma ya fi su yaudara, gama sau da yawa ba ya ciwo. Mutum yana jin kansa garau, maganin ne ke damunsa. Amlodifin ya kan kumbura idon sawu. Lisinofiril ya kan kawo busasshen tari mai naci, kuma mace mai ciki ba ta shansa. Ƙwayar da ke sa fitsari ta kan hana barci in an sha ta da dare, shi ya sa a ke shanta da safe. Waɗansu irin kuma su kan rage wa waɗansu maza ƙarfi a wajen iyalinsu. Magidanci ɗan shekara hamsin ba zai faɗi wannan ga yarinyar nas sa'ar 'yarsa ba. Matarsa ma ba zai gaya mata ba. Sai ya bar maganin shiru, ya koma ga masu tallar maganin maza a tasha. Bayan wata shida mu ji an ce wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, ko kuwa mu taru a jana'izarsa muna cewa abin ya zo farat ɗaya.

Da ya sami tsaransa wanda zai ja shi gefe ya ce, "Malam, ni ma na sha wannan. Na daure na gaya wa likita, ya sake mini wani iri," da gidan nan bai rasa uba ba. Magungunan hawan jini iri-iri ne, wanda bai karɓi mutum ba ana iya musanya shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai ciwon sukari shi ma yana bukatar na kusa. Metfomin ya kan ɓata ciki a makonnin farko, in ana shansa tare da abinci ya kan lafa. Mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayar da ke saukar da sukari da ƙarfi, in ya yi jinkirin cin abinci sai gumi ya karyo masa, jiki ya ɗauki rawa, magana ta sarƙe. In yana cikin hayyacinsa a ba shi sukari ko abin sha mai zaƙi nan da nan. In ya suma kada a ɗura masa kome, a garzaya asibiti. Wanda ke zaune kusa da shi a majami'a ya kamata ya san wannan. Kafin ya shiga azumin da ekklesiya ta sanar kuma, ya fara jin ta bakin likitansa.

Mu da mu ke koyarwa a makarantun ekklesiya mun san yaron da ke gyangyaɗi a aji domin maganin farfaɗiya irin su fenobabiton. In iyaye ba su gaya wa malami ba, sai a ɗauka lalaci ne. In kuwa suka ji tausayinsa suka tsayar da maganin gaba ɗaya, faɗuwar na iya komowa da tsanani ƙwarai, gama ba a daina wannan magani farat ɗaya. Uwar da ta riga ta yi renon irin wannan yaro ita ce za ta gaya wa sabuwa ta koma wurin likita a duba yawan maganin da lokacin shansa, ta kuma tabbatar mata ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu.

Magani da bangaskiya

Akwai masu wa'azi da ke cewa shan magani kullum alamar ƙarancin bangaskiya ce, har su sa mutane su zubar da ƙwayoyinsu a wurin taro. Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna kuwa yi wa marasa lafiya addu'a. Amma mu duba Littafi Mai Tsarki. A 2 Sarakuna sura 20, Allah ne ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa da ke yawan tashi, bai tsauta masa domin rashin bangaskiya ba. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Wanda ya ji a ransa an warkar da shi, ya je a gwada shi, likita ya dakatar da maganin da kansa. Shaidar da aka tabbatar ta fi ɗaukaka sunan Ubangiji.

Yadda za mu fara

Wannan aiki ba ya bukatar gini ko kuɗi daga waje. Mutum biyar ko shida masu irin ciwo ɗaya, ko masu jinyar irin ciwo ɗaya, sun isa. Su riƙa zama sau biyu a wata, bayan sujada ko a gidan ɗayansu, maza dabam mata dabam, domin baki ya saki. Kowa ya zo da katinsa na asibiti da fakitin maganinsa. A buɗe da addu'a, sa'an nan kowa ya faɗi yadda ya kwana da maganin, ranar da ya manta, da ranar komawarsa asibiti. Wanda bai zo ba a bi sawunsa, gama zumunta a ƙafa ta ke. In akwai nas ko malamin asibiti a cikin ekklesiya, a roƙe shi ya riƙa leƙowa, a tara masa tambayoyin da suka gagara. Ɗan asusu na kuɗin mota zai taimaki wanda ranar asibitinsa ta zo aljihu ba kome. Maƙwabcinmu Musulmi mai irin ciwon, in yana so, a ba shi wuri. Ciwo ba ya tambayar addinin mutum.

Sai dai akwai dokoki uku da ba a karyawa. Ta fari, ba a ba wani ƙwayar wani, ko da sunan ciwon ɗaya ne. Abin da ya karɓi Saratu yana iya cutar Rifkatu mai ciki. Ta biyu, ba mai sayar da jiƙo ko gari a wannan zama, ba kuma mai cewa a rage ko a daina magani. Aikin ƙungiya ta raka mutum wurin likita, ba ta hau kujerar likita ba. Ta uku, abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a zaman. Kada a mai da asirin ɗan'uwa abin roƙon addu'a a gaban jama'a sai da yardarsa. Sau ɗaya magana ta fita, ba wanda zai ƙara buɗe baki, aikin kuwa ya mutu ke nan. Dattawan ekklesiya da shugabannin zumuntar mata su lura da wannan ƙwarai.

A 2 Sarakuna sura 7 akwai labarin kutare huɗu a bakin ƙofar Samariya, sa'ad da Suriyawa suka kewaye birnin, yunwa kuma ta yi tsanani. Ba wanda ya kula da su, amma suna da juna. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka tashi tare da magariba zuwa sansanin abokan gaba, suka tarar ba kowa, ga abinci jibge. Bayan sun ci sun sha, sai suka ga bai kyautu su riƙe labarin su kaɗai ba, suka koma suka sanar, birni duka ya tsira. Bulus kuma ya koya wa Korantiyawa cewa ta'aziyyar da muka samu cikin wahalarmu an ba mu ita ne domin mu miƙa wa masu shan irin wahalar.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke karanta wannan, in ka daɗe kana shan magani har ka san halinsa, kana riƙe da abin da wani ke bukata a wannan mako. In kuwa kai ne ka ɓoye ƙwayoyinka a ƙarƙashin katifa, fito da su, ka nemi wanda ya riga ka, ku tafi asibiti tare. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya yarda.